Kwano Ashirin da Shida Kafin Ruwa

Sefa dubu ɗari da tamanin nake bin Wabo Tekam, shekara shida ke nan da wata huɗu. Ban iya riƙe biro ba, amma ina da kwalabe a ƙarƙashin gado, kowane mai bashi da tasa, kowace ƙwayar kofi a ciki dubu ɗaya ce. Ta Wabo koriya ce mai tsagaggen baki. Shekarar da ubansa ya mutu aka ɗora shi kan kujerar unguwa, sarautar da muke kira Wabo, ya rasa abin da zai biya manyan ƙungiya su karɓe shi. Ya biyo ta cikin ayaba da sassafe, ta bayan ɗakin girkina, na juye masa kwasata ta adashe gaba ɗaya, kuɗin da na tara da sayar da wake, ba shaida. Tun ranar ban tambaye shi ko dala ba. Bashin babban mutum akuya ce mai ciki, ba a gaggawar kai ta kasuwa. Na ajiye shi ne don ranar rufin gidan ɗana Numsi.

Numsi yana Duwala, yana sayar da kayan babur a wata rumfa da ba ta fi akwati ba. Shi ne magajin ubansa, shi ya sa a gaban mutane maigida nake ce masa, ko da yake ni na share masa majina. Ubansa shekara tara a ƙasa, har yau ba a yi masa babban bikin mutuwa ba, don ba a tara dangi da ƙungiyoyi a zaunar da su a tsohon ɗakin girki. Sai magaji ya tsayar da gida a filin ubansa. Ni kuma gwiwata kullum tana tuna mini cewa ba ni da shekaru da yawa na jira.

Shekara huɗu muna kan gidan nan. Ta farko dutse da yashi kawai muka tara. Ta biyu aka zuba harsashi, siminti buhu sittin, muka bar shi yana shan damina. Ta uku ba a ɗora ko tsinke ba, an yi wa matar Numsi aiki a asibiti, kuɗin ya bi can. Bana ruwa na ɗaukewa muka buga tubalin ƙasa dubu biyu da ɗari huɗu da jar ƙasar bayan gida. Na ce masa tun farko, tubalin ƙasa ba a ɗora shi sai kwanon rufi na ajiye a ɗaki. Ya ce in bar tsoro, magini ya samu sarari yanzu, in muka sake shi sai baɗi. Cikin wata biyu bango ya kai ƙarshe, ɗaki huɗu da falo. Katako bai ci mana kuɗi ba sai na mai tsagawa, itacen turare tara ne da ubansa ya dasa a kan iyaka.

Kafinta Kwate ya auna ya ce kwano falle saba'in da huɗu. Kwasata ta adashe ta zo a farkon watan biyu, dubu ɗari uku da sittin. Da bara ce ta sayi hamsin da biyar. Bana arba'in da takwas ta saya, don falle ya koma dubu bakwai da ɗari biyar a Bafusam. Saura ashirin da shida, wato dubu ɗari da casa'in da biyar. Kwalbar Wabo da ɗan abin da wake zai kawo, lissafi ya cika. Ruwa kuwa a nan ba ya wuce tsakiyar watan uku, wani lokaci ma yana riga.

Sai na aika wa Wabo kwanon gwaza da miyar manja, na ce a gaya masa ƙarshen wata gidan Numsi zai sha rufi. Ba sai an ƙara masa bayani ba. Daga nan na tafi Mbuda bikin mutuwar mijin ƙanwata, kwana biyar. Sun zo mana lokacin da aka binne nawa mijin, dole in je.

Ranar da na dawo, tun daga kan hanya na hango abin. An ɗora katakon rufi duka, shi ke nan dai, amma a kan ƙofar falo wani tsini ya miƙe sama, dogo, siriri, irin na ƙofar manya. Kafin in gama haɗiye wannan sai na ga na biyu. A bakin fili an kafa gwangwala, an tsaga kanta an soke ɗanyen ganye, alamar an hana aiki. Kwate na zaune a kan ragowar tubali yana cin fiya da burodi, gudumarsa a ƙasa.

Na ce, "Kwate, wannan mene ne a kan falo?"

"Tsini ne, Manyi." Haka ake kirana, don na haifi tagwaye.

"Na ga tsini ne, idona bai mutu ba tukuna. Wa ya zama Wabo a gidan nan ban sani ba?"

"Maigida ne ya kira ni ta waya. Ya turo dubu saba'in, ya ce kar in gaya miki, yana so ki dawo ki gani ki yi murna."

"To ga ni ina rawa. Kai ba a garin nan aka yanke maka cibiya ba? Ba ka san wanda ake wa tsini ba?"

"Na faɗa masa. Ya ce kakansa na da shi. Ni mai guduma ne, Manyi, ba ni ke raba kujeru ba."

"Tashi ka hau ka sauke shi yanzu."

Ya nuna gwangwalar da ɓawon fiya. "Wannan ba ta san ɗorawa da saukewa ba, ƙarar guduma kawai take ji. In na buga ƙusa ɗaya tana tsaye, ranar da uwata ta mutu ni kaɗai zan haƙa ramin."

Gaskiya ya faɗa. Wanda ya kafa ita kaɗai ke cire ta, ko kuma manyan ƙungiya su zauna su yanke magana. Na tambayi ranar zamansu. Kwate ya ƙirga da yatsu: kasuwa mai zuwa suna makoki, sai ta gaba. Kasuwarmu kwana takwas-takwas take ci. Kwana sha shida ke nan, ga shi muna biyu ga watan uku.

Na ce, "Wa ya kafa?"

"Wabo Tekam, da hannunsa. Ko kwana tsinin bai yi ba."

Na zauna a kan tubali kusa da shi. Wabo mutum ne da in akuyar wani ta ci masarar wani sai ya yi wata uku bai leƙa ba. Ban san ya iya sauri ba sai da kwanon gwazata ya shiga gidansa.

Na sa Kwate ya danna mini lambar Numsi.

"Mama, kin gani? Ya yi kyau ko?"

"Maigida, sannu da sarauta. Yaushe za a fara tafa maka hannu?"

"Haba Mama. Kakana ba tsini ɗaya gare shi ba? Ke kika gaya mini. Ni na gaji babana, babana ya gaji kakana."

"Na gaya maka yana da shi. Na gaya maka ubanka ya biya? Kujerar nan shekara arba'in ba wanda ya zauna a kanta, gara ta cinye ƙafafunta. Kafin ka ɗora tsini sai akuya bakwai, garwar manja bakwai, buhun gishiri, da kuɗin da bakina ba zai iya faɗa ba."

"A nan Duwala har mashaya tana da tsini biyar, ba wanda ya ce uffan."

"To kwaso tubalinka ka kai Duwala. An kafa maka gwangwala."

Can ya ce, da irin muryar da yake yi yana yaro in ya fasa tukunya, "Mama, nawa ne a hannunki?"

"Kai nawa ne a naka?"

"Dubu ashirin. Na rumfa ne ma."

Kwana uku ina kallon sama kamar mai kiwon shaho. Mata sun gama kunya a gonaki, irin masara na jira a kwando. Kwaɗi sun fara surutu a fadamar tukurwa. Da rana gajimare ya taru a kan dutse, ya yi baƙi, ya watse. Na yanko ganyen ayaba na tsinto tsoffin buhuna, na jingina tsani ina shimfiɗawa a kan bango, don ganye ba guduma ba ne, gwangwala ba ta hana shi. Iska ta yi ta kwashewa tana zubar mini a ƙafa. Rana ta uku da la'asar aka yi yayyafi, ɗan abin da bai isa jiƙa zane ba. Da ya tsaya na hau na danna babban yatsana a tubalin sama. Ya shige har gaɓa.

Ruwa biyu masu ƙarfi sun isa. Na taɓa ganin yadda ake yi, gidan wani malamin makaranta ne a ƙasan kwari, shi ma ya jira albashi. Bangon ba ya faɗuwa gaba ɗaya, zama yake yi a hankali kamar tsohuwa mai ciwon baya, da safe a tarar da tudun laka da katako a kwance. Shekara huɗu, adashe biyu, itacen da mijina ya dasa. Numsi ba zai sake tara wannan ba sai bayan an binne ni.

Washegari na daka gwaza, na sa koriyar kwalba a ƙasan kwando, na haura gidan Wabo.

Ƙofarsa tsini biyar. Daga nan ka gangara tsakanin ɗakunan matan ubansa, jere biyu, ɗaki sha ɗaya, biyu kaɗai ke hayaƙi. Sauran matan wasu sun mutu, wasu 'ya'yansu sun kwashe su zuwa birni. Na same shi a rumfa yana gyaran rediyo. Na durƙusa iya yadda gwiwa ta yarda, na tafa hannu, na ajiye kwanon.

"Manyi, uwar biyu. Kin sha hanya. Ya Mbuda?"

"Mbuda lafiya, Wabo. Gida ne na tarar da baƙo a bakin ƙofa."

"Ai ɗanki ne ya gayyato shi. Ni in na kau da kai, gobe kowane mai acaɓa ya ɗora tsini uku."

"Ka yi daidai. Yaro ya yi wauta, tsini zai sauka yau in ka ba da hanya. Jiya na danna tubali da yatsa."

Ya buɗe kwanon ya shinshina, ya rufe. "Maganar ta riga ta shiga kunnen manya. Ba a cire gwangwala hannu biyu. Sai akuya, sai an zauna." Ya juya wani ƙarfe a bayan rediyon. "Sai dai in ni na ɗauki nauyin abin a kaina. In ce musu an biya, an ba da haƙuri. Abu ne mai nauyi, Manyi. Tsakanina da ke kuwa akwai tsohuwar magana. Sai nauyi ya ɗauke nauyi, kowa ya huta."

Na san wannan zai zo. In na yarda na yafe bashin, gwangwala ta tashi yau, kwano arba'in da takwas su hau, ɗaki biyu su tsaya tsirara a gaban ruwa. In na ƙi, duka gidan ya jira kwana goma sha biyu.

Na ce, "Wabo, maganarka dutse ce, wa zai ɗaga? Na yarda. Sai dai ka san kwanon bai cika ba, dole gobe in je taron adashe in roƙi rance daga akwati."

"Allah ya ba da sa'a."

"Ka san halin matan nan. Ba sa buɗe akwati sai mace ta tsaya ta faɗi duk abin da take bi da duk abin da ake binta. Za su ce, Manyi, kwasarki ta shekara shida da ta wuce, wadda ba ki sayi ko zane da ita ba, ina ta shiga? Shekara shida ina cewa tana nan. Gobe sai in ce ta tafi. Za su ce ina. Ni kuma a gaban akwati ban taɓa ƙarya ba, da shi zan yi likkafani."

Ya ajiye rediyon.

"Mu talatin da biyu ne," na ce. "Huɗu mazajensu na zama tare da kai a ƙungiya. Ni dai bakina a rufe yake, amma ka san mace da mijinta."

"Kuɗin wake," ya ce a hankali, kamar yana ɗanɗana kalmar. "A ce kujerar ubana da kuɗin wake aka saye ta."

"Wake mai kyau ne, Wabo. Ba ƙwaro ko ɗaya."

Bai yi dariya ba. Ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar, sai na ga yaron nan da ya biyo ta cikin ayaba. Ya ce, "Mama, wallahi ba ni da shi. Kofi ya mutu, yara uku a makaranta, kowane biki sai an ga hannuna. In kin juye gidan nan dubu talatin ba za ta faɗo ba. Da na ga kwanonki ban yi barci ba."

Wannan shi ne abin da na fi tsoro tun daga Mbuda. Mai taurin bashi ana iya matsa shi, wanda ba shi da shi ko ka matse shi sai gumi. Na juya kai don kar ya ga fuskata, idona ya sauka a kan ɗakunan nan da ba hayaƙi. Kwanon kansu ya yi ja, amma irin na da ne, mai kauri.

Na ce, "Waɗancan na baya, bayan ayaba, wa ke kwana ciki?"

"Ɓeraye." Ya bi idona, ya gane. "A'a. In yaye rufin matan ubana? Me za a ce?"

"Daga hanya ba a ganinsu. In an tambaya, ka ce ka tausaya wa gwauruwa, ka taimaki gidan maraya. A bikin mijina ni zan tashi in faɗa da bakina, a gaban kowa."

Ya kalli ɗakunan. Sannan ya ce falle dubu biyar.

"Wabo, kwanon nan ya girmi Numsi. Ramin ƙusa a jikinsa ya fi na rariya. Dubu ɗaya da rabi."

"Yanzu ba a yin irinsa. Huɗu."

"Gajeru ne, sai na haɗa huɗu su yi uku. Dubu biyu, kuma mu za mu cire."

Muka tsaya a biyu. Ɗaki huɗu, falle talatin da huɗu. Akuyar tara kuwa ya ce ba makawa, sai manya sun ga jini da nama. Na ce to ga su nan a turkensa, ya ba da ɗaya a rage a ciki. Ya ce dubu arba'in. Na je na taɓa bayanta, na ce talatin da biyar don tana tari. Na fito da kwalbar na ajiye a gabansa don ya ga ba da ka nake magana ba. Ya ce in mayar da ita kwando kafin wani ya shigo.

Kafin rana ta raba ya sauko da kansa ya tuge gwangwalar, ya jefa ta cikin ayaba. Kwate ya hau da zarto. Tsinin da ya ci dubu saba'in da kwana biyu bai kai awa ɗaya ba ya sauko, guntu-guntu, ko kujera ba za a fitar a ciki ba. Na tara su a ɗakin girki.

Numsi ya iso washegari da safe a motar Duwala, ido ja, ya gaishe ni. Ya tuɓe rigarsa ya shiga ɗaukar tsohon kwano daga gidan Wabo, uku-uku a ka, ta hanyar ayaba. Kwate daga sama yana ce masa, "Sannu Wabo, a kawo maka laima?" Numsi ya wuce da kayansa. Sabon kwano aka sa a gaba, falo da ɗaki biyu na bakin hanya. Tsoho ya tafi baya. Dubu ashirin ɗin rumfa ta tafi a ƙusa da kwalta, kuɗin wakena ya tafi hannun Kwate.

Rana ta uku tun hantsi iska ta canja, ayaba ta fara juya bayan ganyenta. Saura falle bakwai a ɗakin ƙurya. Na tsaya a ƙasa ina miƙa ƙusa ina ƙirga bugun guduma. Saura biyar aka yi tsawa a kan dutse. Saura uku ruwa ya sauko, ba yayyafi ba, irin wanda ke zuwa da ƙarar jirgi. Kwate ya ce kwano ya yi santsi, shi yana da 'ya'ya, ya sauko. Numsi ya so hawa na riƙe masa wando.

Muka tsaya a falo mu uku. A kanmu kwano na kuka, ƙasa a bushe. Ta ƙofar ɗakin ƙurya muna kallon jan ruwa na bin bango yana gangarowa. Ya yi kusan awa biyu. Kafin ya ɗauke kusurwar ta zauna, daga sama har taga. Na ƙirga abin da ya narke, tubali tamanin da wani abu. Sauran gidan na tsaye.

Numsi ya ce, "Mama, ɗakinki ne fa wannan."

"Na sani. Nemo tamfol ka rufe, sai rani a buga wasu."

Yanzu ina kwana a ɗakin da ke kusa da shi, shi ma tsohon kwano ne. Duk kwaltar da Kwate ya shafa, wuri biyar na ɗiga, na san su, kowane da kwanonsa a ƙasa. An sa bikin mijina watan sha biyu, in adashen Numsi ya fito a kan lokaci.

Ranar da aka buga ƙusa ta ƙarshe na juye koriyar kwalba a faifai. Na ware sittin da takwas na kwano, talatin da biyar na akuya, na zuba su cikin buhun kofin sayarwa. Na ƙirga sauran sau biyu na mayar. Shekaranjiya Wabo ya wuce ta hanya, ya tsaya ya kalli rufin, ya ce gida ya yi kyau. Na tafa hannu na ce albarkacinsa ne. Bai ambaci bashi ba, ni ma ban ambata ba. Saura dubu saba'in da bakwai, ga ƙofofi da tagogi ba a sa ba tukuna.